Maraɗi Ta Yi Kwalliya, To Ta Biya Kuɗin Sabulu?



Tun da muka dawo daga hutu ake tabka gardama a ɗakinmu na kwana, har wata ƙawata ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Hoto ne ya haɗa mu. Wani ya ɗauki babban titin Maraɗi da dare, fitilu reras, kwalta na sheƙi, ya saka a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai Dubai ta Nijar ke nan. Kowa na ta tura masa tafi. Ni kuma da bakina bai iya shiru ba na ce, to a juya kamarar ta kalli bayan titin mana. Shi ke nan aka yi mini ca. Wai ni baƙauya ce, hassada ke cina, mutumin Issawane mi ya sani a kan birni? Baƙauya kam ni ce, ban musa ba. A karkarar Issawane, cikin ƙasar Mayahi, aka yanke cibiyata. A Tasawa na yi kolej, a Maraɗi na yi lise ina zaune gidan kawuna, yanzu ga ni a jami'a ina karatun kimiyyar harshe. Na ga birnin nan daga waje, na gan shi daga ciki. Tunda a WhatsApp ba a barin mutum ya kai aya, na ce bari in zo nan inda ba mai katse ni.

Aikinmu mu ƴan sashen harshe shi ne mu kama kalma mu tambaye ta abin da take ɓoyewa. Don haka da kalma zan fara.

Ranar 18 ga Disamba 2015, ranar bikin Jamhuriya, Maraɗi ce ta karɓi baƙuncin ƙasa. Zamanin shugaba Issoufou Mahamadou ne, lokacin da ake zagayawa da bikin jiha-jiha, kowace jiha da sunan shirin gyaranta: Dosso Sogha a 2014, Agadez Sokni a 2016, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. Namu aka raɗa masa Maradi Kolliya, wato kwalliya ke nan da rubutun Faransanci. Ina ƴar shekara 12 aka kawo ni kallo. Wallahi na ga abin da ban taɓa gani ba: sabuwar kwalta, fitilu, dandalin fareti, sojoji, dawaki, makaɗa. Na koma ƙauye na yi wata guda ina ba ƙawayena labari. Ba zan yi ƙarya in ce ba a yi aiki ba. An yi, kuma har gobe ana bin waɗannan tituna.

Amma ku duba sunan da kyau. Ni mace ce, kada wani namiji ya ce zai koya mini ma'anar kwalliya. Kwalliya aba ce ta fita, ta ranar suna da ranar buki, ana yin ta don idon wanda zai kalla. Tana zama a fuska da hannu da ƙafa, inda ake gani. Da dare a wanke ta. Kuma kowace yarinya ta san ƙa'idar da uwarta ta koya mata: sai an yi wanka ake kwalliya. Wadda ta shafa hoda a kan dauɗa, ta ranbaɗa kwalli ba ta wanke ido ba, da rana ta take gumi zai tona mata asiri. Waɗanda suka zaɓi wannan suna sun faɗi gaskiya, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da aka yi wa Maraɗi kwalliya ce. Kuma Bahaushe tun tuni ya tanadi tambayar da ake yi wa kwalliya: ta biya kuɗin sabulu?

Mu duba lissafin. Shekara shida bayan bikin, ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta tashi a wata lakwal cikin birnin Maraɗi, a azuzuwan da aka yi da zana da kara. Yara fiye da 20 suka ƙone, ƴan shekara biyar da shida. A cikin birni fa, babban birnin kasuwancin ƙasa, inda ake gina benaye. Garin da ya samu simintin dandalin fareti na yini ɗaya bai samu simintin ajin da yaro zai zauna wata tara ba. Sai kuma ƙarshen watan Agusta na 2024, da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gidaje suka rushe, aƙalla mutum 15 suka rasu a birnin. Na san ruwa na Allah ne, kuma daminar 2024 ta yi ɓarna a ƙasar baki ɗaya. Amma magudanar ruwa aikin mutum ce. Yanka fili a kan hanyar ruwa a sayar wa talaka, shi ma aikin mutum ne.

Abin takaicin, ba yau ruwa ya fara yi wa garin nan gargaɗi ba. Tsohuwar Maraɗi a kwari take, bakin Gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta cinye ta, aka hawo da gari kan tudu, Turawa suka zana masa tituna miƙaƙƙu. Wato Maraɗin da muka sani yau ɗiyar ambaliya ce. Garin da ruwa ya taɓa kora daga mazauninsa, shi ya fi cancanta ya fara da lambatu kafin fitila. Sai dai lambatu ba ya kyau a hoto, ba a yanka masa kyalle, ba a kiran makaɗa ranar buɗe shi.

Kalma ta biyu: girma. Kullum ana cewa Maraɗi na girma. Ƙidayar 2001 ta ba ta mutum kusan 148,000, ta 2012 ta ba ta sama da 267,000. Cikin shekara 11 ta kusa ninkawa, kuma duk wanda ya san garin ya san tun daga lokacin ba ta tsaya ba. To amma Hausa na da kalma biyu a nan, akwai girma akwai kumburi. Yaro in ya girma, ƙashinsa da ƙarfinsa da wayonsa tare suke tafiya. Ƙafa in ta kumbura, ita ma ta ƙara faɗi, amma ba mai yi mata barka. Gari mai girma, in mutum dubu suka shigo, za ka ga pampo ya ƙaru, aji ya ƙaru, gadon likita ya ƙaru, wurin aiki ya ƙaru. Gari mai kumburi kuwa unguwa ce ke tsirowa a kan unguwa, ba ruwa, ba wuta, ba hanya, sai ƴan ga-ruwa da kurarsu.

Su wa ke cika garin? Mu ne. Ƴan Issawane, ƴan Mayahi, ƴan Kanambakashe, ƴan Urafan, ƴan Tasawa. Ku je tasha bayan an gama girbi ku gani. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki 20 ke kallonta, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Hatsin da aka girbe ba ya kai iyali wata shida. Saurayi ya ɗaura ƴar jakarsa ya tafi bida: wani Maraɗi, wani Kano ko Legas, wani wurin haƙar zinariya a arewa, wani Libiya. Wanda ya tsaya Maraɗi shi ne ɗan kabu-kabu, shi ne mai dako a kasuwa, shi ne mai kwaɓa siminti a ginin alhaji, ƙanwarsa ce ƴar aiki mai wanke-wanke a gidan hajiya. Waɗannan mutane ba hasken fitila ya jawo su ba. Rumbu ne ya ƙare. In ka ƙidaya su ka ce ga shaidar bunƙasar birni, yunwar ƙauye ka ƙidaya ka sauya mata suna.

Yanzu bari in ba ku labarin kawuna, don kada a ce daga littafi nake magana. Mahaifiyata ƴar wani ƙauye ce da ke gefen Maraɗi, wanda yau ya zama unguwa. Kawu ya gaji gona a wurin, gonar da ke ciyar da gidansa da gero da wake. Wata rana wasu mutane suka zo da mota da abin awo, suka kafa turakun siminti. Aka kawo takarda da Faransanci, wani ya fassara masa a tsaye cikin jimla biyu, ya dangwala yatsa. Aka ba shi ƴan filaye daga cikin gonar tasa a matsayin rabonsa. Shekarar da matarsa ta kwanta ciwo ya sayar da ɗaya, shekarar da hatsi ya yi tsada ya sayar da wani, na ƙarshen ya sayar ya saya wa babban ɗansa babur. Dillalin da ya saye su ya riƙe ƴan shekaru ya sayar da ninkin ba ninkin. Yau kawu gadi yake yi a wani gida mai bene, tafiyar minti biyar daga inda rumbunsa yake a da. Ran nan na zauna kusa da shi a bakin ƙofar gidan da yake gadi, na ce:

"Kawu, wai wa ya karɓe gonar nan?"

Ya ce, "Ɗiyata, an dai yanka."

Na ce, "Wa ya yanka, Kawu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai da tambaya kamar alƙali. An yanka, an ba mu namu, mun saida, mun ci. Mi ya rage? Ki yi karatunki."

Tun ranar nake jin tsoron wannan ɗan lafazi, "an", da ƴan uwansa "aka" da "ana" da "za a". A aji mun koyi cewa da shi Hausa ke faɗin aiki ba tare da ta ambaci mai aikin ba. Yana da amfaninsa, da shi muke kunya, da shi muke sakaya sunan manya. Amma ku saurari yadda ake labarin birni da shi: an yanka filaye, an tashi rumfunan bakin titi, an ba da kwangila, an ci kuɗin, an samu ci gaba. Duk cikin waɗannan jimloli akwai mutum mai suna da ofis da sa hannu, akwai wanda ya samu, akwai wanda ya rasa. "An" ya lulluɓe su duka da mayafi ɗaya, abin ya koma kamar ruwan sama, ba wanda za a tambaya. Talaka ya koyi faɗin "an" don tsoro, mai mulki ya koyi faɗinsa don kariya.

Ga kuma maganar takardar. Kawuna ya san kowace bishiya a gonarsa, ya san iyakarta tun daga bakin kakansa, amma harshen da aka rubuta makomarta da shi bai san ko harafi ɗaya ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mun yi murna a sashenmu, ni ma na yi. To amma ni ma'aunina ɗaya ne: ranar da manomi zai karɓi takardar filinsa da harshen da yake ji, a karanta masa ita daga farko har ƙarshe gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa. In ba a kai nan ba, ita ma wannan doka kwalliya ce, mun ƙara jan baki ke nan.

Kalma ta uku: tattalin arziki. Ku raba ta biyu. Tattali shi ne abin da innata ke yi da damin gero: ta san nawa za a sussuka, nawa za a bari na iri, nawa za a ɓoye don watan bakwai. Tattali riƙo ne da lissafin gobe. To Maraɗi tattali take yi, ko kuwa hanya ce da arziki ke ratsawa ya wuce?

Gujjiya ce ta fara ɗaga garin nan, tun zamanin Turawa har bayan samun ƴancin kai. Farin shekarun 1970 ya karya ta. Alhazan gari, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu a 1986, suka mai da ƙarfinsu kan fataucin kaya zuwa Najeriya: atamfa, taba, shinkafa, a shigo da su daga bakin teku a tsallaka da su iyaka. Ban raina su ba. Mutane ne da suka tara dukiya da wayonsu, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, sun gina masallatai, sun ciyar da dubbai. Amma arzikin da ya dogara da ƙofa ɗaya, makullinsa na hannun mai ƙofar. Mun gani da idonmu. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har da yanke wutar lantarki, sai farkon 2024 aka sassauta. Duk wanda ke Maraɗi a lokutan nan ya ga manyan motoci jere a hanyar Ɗan Isa, ya ga ƴan dako zaune sun haɗa kai da gwiwa. Fitilun na nan, kwaltar na nan, tukunya ce ba ta hau wuta ba.

Yanzu kuma kowa na zancen jirgin ƙasa. A watan Fabrairu na 2021 shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2 na Amurka. Ina fatan a gama shi lafiya, ni ma ina son in shiga. Sai dai jirgi ba ya zaɓe, abin da ya tarar a tasha shi yake ɗauka. Mi zai tarar? Buhunan aya, wadda jiharmu ta fi kowace jiha nomawa. Buhunan wake da riɗi. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har Turai. Duka ɗanye. Zai kwashe su ya tafi, ya dawo mana da mai a kwalba, da biskit a leda, da takalmi a kwali, mu saya da tsada. Abin da kamyo ke yi mana a kwana uku, jirgi zai yi shi a yini ɗaya. In ba mu shirya abin da za mu loda masa ba, ci gaban mai haƙan rijiya za mu yi, da sauri kuma.

Kalma ta huɗu, wadda ta fi ba ni dariya: yawon buɗe ido. Duk taron da aka yi kan makomar birni sai wani mai babbar riga ya ce za a jawo masu yawon buɗe ido. In ka leƙa cikin kansa, Bature yake gani da gajeren wando da kamara a wuya. Ƴan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Ko Agadas, da UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta daɗe ba ta ga irin baƙin da take gani a da ba. Bayan harin Kure na 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a wurin raƙuman dawa, wanda ya rage ma ya ɗauke ƙafa. Gina otal don jiran wannan baƙo daidai yake da dafa tuwon wanda bai ce zai zo ba.

Alhali baƙi na nan cike da gari, mu ne ba mu ɗauke su baƙi ba don sun yi kama da mu. Bakatsinen da ya zo ɗaurin aure. Bakanon da ya zo sayen dabbobi. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a jami'o'in kuɗi na garin. Dubban da ke cika filin kokowa mai sunan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi a 1975. Masu zuwa kallon hawan salla a Maraɗi da Tsibiri da Tasawa. Masu ziyarar tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99, wurin da Nijar ta miƙa wa UNESCO sunansa tun 2006. Waɗannan su ke sayen kilishi da fura, su ke hawan kabu-kabu, kuɗinsu a hannun talaka yake sauka kai tsaye. Mi suke bukata? Tasha mai tsabta, makewayi, ruwan sha, masauki mai sauƙin kuɗi, hanyar da ba a tare mutum kowane kilomita a ce ya kawo na goro. Ba ɗaya a ciki da ke bukatar baƙo daga Faransa.

Kuma abin da muke da shi na nunawa, muna riƙonsa? A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe cikin ruwan sama, mutane na ɗauka da waya. Gini irin wannan yaɓe yake so duk shekara da hannun magina na gargajiya. Ku zagaya garuruwanmu ku ƙidaya tsofaffin soraye nawa suka rage, da magina nawa ke da almajirai. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Tasawa, ya rubuta yadda garin ya burge shi saboda walwalar mutanensa da tsarin gidajensu. Ba wanda ya share masa titi, ba wanda ya kori talaka don kada ya gan shi. Garin da ya yi wa masu shi daɗi, baƙo ma zai ji daɗinsa. A kan wannan kawai nake kafa hujjata game da yawon buɗe ido.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa a ɗaki. Ƙawata ta ce, "Ke wai so kike a bar gari cikin ƙura? Mai kuɗi ba ya zuba jari a juji." Gaskiyarta, kuma ba ni da faɗa da kwalta. Ranar da aka ɗauko innata daga ƙauye ba ta da lafiya, sai da muka hau kwalta na san za mu isa da ita da rai. Faɗana da jeri ne: mi ke gaba, mi ke baya. In kana da kyau ka ƙara da wanka, haka aka ce, wanka aka ambata. Mai zuba jari na gaskiya, wanda zai kafa injin matse riɗi, ba fitilar ado yake tambaya ba. Yana tambaya ko wuta na tsayawa, ko akwai ruwa, ko yaran gari sun iya karatu da lissafi, ko takardar fili ɗaya ba a sayar wa mutum uku ba.

Wani kuma ya ce ai haka duniya take, birni ke ja, ƙauye ke bi. Wannan ma ban yarda ba. Har zuwa 1927 Tasawa ce mazaunin mulkin Turawa a wannan yanki, sannan suka mai da shi Maraɗi. Shawara ce wasu suka zauna suka yanke, ofis ya tashi, ƴan kasuwa suka bi ofis. Abin da shawara ta tara wuri ɗaya, shawara na iya rarraba shi. Kuma in ana neman aikin ci gaba mafi girma da jihar nan ta taɓa yi, a gona aka yi shi. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a bar masa ƴan rassa masu ƙarfi a rene su. Dabarar ta bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Gawo ya dawo, ƙasa ta farfaɗo, mata suka samu itace kusa. Ba fareti, ba dandali, ba suna mai daɗi. Ga shi yau daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo, su ne ma baƙin da suka zo don wani abu namu na gaske. Mutanen da ake kira ƙauyawa su suka yi wannan.

To mi nake so? Abu huɗu, kuma ba wanda ya fi ƙarfin gari. Na ɗaya, kada a sake kafa fitilar ado ko ƙofar gari mai ƙawa matuƙar akwai aji ɗaya na zana a cikin birni, ko unguwar da ruwa ke kwana a ɗakunanta. Na biyu, duk takardar da ta shafi gona ko fili a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a bainar jama'a, da sunan wanda ya sa hannu da na wanda ya saya. Na uku, kafin jirgi ya iso, a taimaki ƙungiyoyin mata da matasa a Tasawa da Mayahi da garuruwan da ke kewaye su samu wuta da injin sarrafa aya da riɗi da wake, a ɗaga darajar masu saƙar kaba na kwarin Gulbin Kaba da majema, don saurayi ya samu dalilin zama gida da rani. Na huɗu, kuɗin da za a kashe wajen jiran baƙon da ba ya zuwa a kashe shi kan tasha da kasuwa da filin kokowa da tsofaffin gine-gine.

Saura mu. Mu ɗalibai mun fi kowa laifi a wani wurin, don mu ke tura hotunan nan, mu ke rubuta Dubai a ƙasansu, kuma mu ne gobe za mu zauna a ofisoshin da ake yanka filaye. Yawancinmu da kuɗin akuya da na wake aka biya mana kuɗin mota zuwa jami'a. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Hutu mai zuwa, duk wanda ya koma gida ya tambaya ko akwai takardar da aka kawo wa tsofaffi ba su gane ba, ya zauna ya karanta musu kalma-kalma. Duk inda ka ji an ce "an yi", ka tambaya da ladabi: wa ya yi, da kuɗin wa, wa ya amfana? Ka rubuta amsar, ka kawo mu buga a nan, ko shafi ɗaya ne. Ni na fara da gonar kawuna, na samo kwafin takardar, ina kan fassara ta, kuma zan karanta masa ko da ya ce mi ya rage.

Ƙawata da ta yi fushi, na san za ki karanta wannan. Ina son Maraɗi kamar yadda kike son ta, a cikinta na koyi hawan babur, a cikinta na ci jarrabawar bak. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In kina da amsa, ki rubuto a fitowa ta gaba, ni zan biya kuɗin hoton shafinki.